Ɗakin Matuƙi da Ya Zama Ɗakin Talaka

Shekarun baya na yi wa ɗalibaina ƙarya a cikin aji, suka kuma ji daɗinta har wasu suka rubuta ta a littattafansu. Ban yi da gangan ba, amma hakan bai wanke ta ba. Muna karanta wani yanki ne na littafin da marubucin nan ɗan ƙasar Sikotilan, Robert Louis Stevenson, ya rubuta a kan tafiyar da ya yi a jirgin ruwa zuwa Amurka a shekarar 1879 tare da talakawa masu ƙaura. Wata kalma ta yi ta maimaituwa a shafin, wato steerage. Sai wata ɗaliba da ke zaune a sahun gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, na gane daga zancen cewa wurin zaman talakawa ne a cikin jirgi. To amma me ya sa ake kiransa haka?"

Ma'anar kalmar dai na san ta sarai: sashen da ya fi kowane araha a jirgin ruwan fasinja, can ƙasa, inda ake tara masu ƙaramin ƙarfi. Asalinta ne ban taɓa bin diddiginsa ba. A lokacin ban daɗe da ɗora "Dakta" a gaban sunana ba, kuma furta "ban sani ba" a gaban cikakken aji ya fi mini ɗaukar dutsen niƙa nauyi. Nan take zuciyata ta miƙo mini amsa. Na tuna cewa a Turanci steer na nufin dandaƙaƙƙen sa, irin wanda ake kiwatawa don yanka. Sai na gyara tsayuwa na ce ai a wannan sashe ake loda shanu, da aka fara ɗaukar talakawa aka zuba su a gurbin shanun, sunan kuma ya bi su. Aji ya yi tsit, wasu na girgiza kai don takaici. Ranar na fita ina jin na ba da darasi mai ratsa zuciya.

Bayan mako guda ɗalibar nan ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishina. Ta gaishe ni, ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Malam, a yi mini afuwa. Na so in sa bayanin nan da aka yi mana a cikin aikin gida, sai na je laburare neman madogara. Abin da na gani a babban ƙamus ya ɗan sha bamban, ko dai ni ce ban fahimta ba." Ta fahimta tsaf, ladabi ne ya sa ta rataya wa kanta kuskuren. Da ta tafi na nufi laburaren da ƙafata, na sauko da mujalladin da ya dace daga ƙamus ɗin Oxford mai mujalladi 20, na karanta a tsaye. Babu sa, babu saniya, babu ko ɗan maraƙi a tarihin kalmar.

Abin da ya ruɗe ni shi ne Turanci yana da kalmomi biyu masu rubutu ɗaya da furuci ɗaya, waɗanda ba su haɗa kaka ba. Akwai steer ta sa, akwai steer ta tuƙi, wato juya akalar abin hawa. Kamar dai baƙon da ke koyon Hausa ya ga "kuka" a rubuce, ya yanke cewa itacen kuka ya samo sunansa ne daga zubar da hawaye. A Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne na jini, kalmomin ba su cakuɗe ba: sa shi ne Stier, abin tuƙin jirgi kuwa Steuer. Kalmar da muke magana a kai daga ta tuƙin ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar nan -age da Turanci ya aro daga Faransanci. Tun a ƙarni na 15 ake amfani da ita, kuma ma'anarta ta farko ita ce aikin tuƙin kansa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, amsar tana cikin bakina tun ina yaro. Wane Bahaushe ne bai san sitiyari ba? Daga steering muka aro shi lokacin da mota ta shigo ƙasar nan, kuma shi da steerage uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Haka ma starboard, sunan da matuƙan Ingila ke kiran ɓangaren dama na jirgi da shi. Asalinsa "gefen tuƙi" ne, domin a jiragen mutanen arewacin Turai na dā, a hannun dama ake ɗaure babban filafilin da ake juya jirgi da shi, tunda yawancin mutane da dama suke aiki. Da na tsaya na saurari kalmar da kunnen ɗan tasha, da ban je neman shanu ba.

To ta yaya aikin tuƙi ya zama sunan makwancin talaka? Amsar tana cikin yadda ake ƙera jirgi. A jiragen Turawa na ƙarni na 16 da na 17, abin da ke juya jirgi wani faffaɗan katako ne da ke rataye a bayansa, cikin ruwa. Daga kansa wata doguwar sanda ta shigo cikin jirgin a kwance, aka haɗa ta da wata a tsaye, wadda ta ratsa daɓen katako ta ɓullo a wani ɗaki da ke gaban ɗakin kyaftin. A nan matuƙi ke tsayawa yana tura sandar dama ko hagu. Sau da yawa ba ya ganin teku sai ta wata 'yar kafa da ke saman kansa, wani jami'i ne daga sama ke ƙwala masa umarni, shi kuma ya bi. Zuwa farkon ƙarni na 17 an riga an fara kiran wannan ɗaki da sunan aikin da ake yi a cikinsa.

A farkon ƙarni na 18 aka fito da sitiyari mai kama da wili, wanda ake haɗa shi da katakon nan da igiyoyi. Sai matuƙi ya haura sama, cikin iska da haske, inda zai ga gabansa. Ɗakin da ya bari bai rasa sunansa ba. Ƙananan ma'aikatan jirgi suka riƙa kwana a ciki, daga baya aka riƙa saka fasinjan da ba shi da kuɗin ɗaki na kansa. Zuwa farkon ƙarni na 19, kalmar ta zama sunan duk wani sashe mai araha a jirgi, ko a baya yake ko a gaba, ko da babu wata igiyar tuƙi da ta bi ta kusa da shi. Tuƙi ya tashi ya koma sama, sunansa ya zauna a ƙasa, talakawa suka gaje shi. Mutanen da ba su da ta cewa game da inda jirgi zai nufa, su aka kira da sunan akalarsa. Na daɗe a tsaye a laburaren nan ina juya wannan a raina, domin ya fi labarin shanun da na ƙirƙira ciwo.

Lokacin da kalmar ta sami wannan ma'ana shi ne lokacin da talakawan Turai suka fara kwarara zuwa Amurka. Jiragen da ke kawo auduga da katako da taba daga Amurka kan koma da sarari a cikinsu, sai masu jiragen suka ga ai ɗan Adam ma kaya ne, kuma kayan da ke loda kansa. Aka kakkafa gadajen katako hawa biyu a filin da ke tsakanin saman jirgi da rumbun kaya. Wannan ne ya sa Jamusawa suka kira wurin Zwischendeck, Faransawa suka ce entrepont, duka ma'anarsu "tsakanin bene biyu". Dogon mutum da ƙyar yake miƙewa tsaye. Gado ɗaya akan haɗa mutum huɗu, wani lokaci waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. A farkon lamarin kowa da guzurinsa yake zuwa, ya bi layi ya dafa a murhun da ke sama. Tafiyar kan ɗauki mako biyar ko shida a jirgin da iska ke turawa, idan iskar ta juya ta fi haka. Idan hadari ya taso sai a rufe ƙofofin sama ruf don kada ruwa ya shiga, a bar ɗaruruwan mutane cikin duhu da amai da bokitin bahaya har teku ta lafa.

Abin ya yi muni har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1819, wadda aka fi sani da sunan wannan kalma tamu. Ta ƙayyade fasinja biyu ga kowane tan biyar na girman jirgi, ta kuma wajabta wa kyaftin ya miƙa jerin sunayen waɗanda ya ɗauko. Doka a takarda ba ta hana mutuwa a teku ba. Da cutar dankalin Turawa ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845 zuwa 1852, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa ya sami wurin zama a cikin jiragen, har mutane suka riƙa kiran su akwatunan gawa. A 1847 kaɗai, a tsibirin Grosse Île na Kanada inda ake killace masu shigowa, an binne fiye da mutum 5,000.

Da na karanta wannan tarihi sai na gane dalilin da ya sa ƙaryata ta karɓu nan da nan. Ba ni na fara yin ta ba ma, domin Turawa da yawa suna yin wannan zato har gobe. Ta karɓu ne saboda ta yi kama da gaskiya: an dai cusa mutane kamar dabbobi. Amma kama da wane ba ta wane. Idan na ce wurin shanu ne, na mai da lamarin rashin imanin wasu mugayen masu jirgi na wancan zamani, wanda ni da ɗalibaina za mu yi tir da shi mu wuce. Asalin kalmar na gaskiya kuwa yana nuna wani abu da ba ya buƙatar mugu: duk inda masu iko suka tashi suka bari, nan ake sauke marasa ƙarfi, a kuma bar musu tsohon suna mai daraja su riƙa amsawa.

Zuwan jiragen inji masu aiki da tururi ya rage tafiyar zuwa kwana goma ko ƙasa da haka, ya kuma ƙara yawan matafiya. A wajajen 1900 tikitin wannan sashe kimanin dala 30 ne, kuma babban jirgi kan ɗauki mutum dubu ko fiye a ciki. Daga waɗannan 'yan daloli kamfanonin jirage suka riƙa cin riba mai tsoka, alhali hotunan tallarsu na zaurukan cin abincin attajirai ne. Ko da an isa, bambancin bai ƙare ba. Tsibirin Ellis da ke bakin New York ya karɓi baƙi kimanin miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954, fiye da miliyan ɗaya a 1907 kaɗai. Fasinjojin aji na ɗaya da na biyu a cikin jirgi ake duba su sama-sama su sauka abinsu. 'Yan ƙasan jirgi ne ake kwasa zuwa tsibirin, likita ya ɗaga musu fatar ido yana neman ciwo, wanda aka yi shakkarsa a yi masa alama da alli a jikin riga. Kusan biyu cikin ɗari akan mayar da su inda suka fito.

A farkon ƙarni na 20 sunan ya yi wari har kamfanoni suka fara guje masa, suka koma cewa "aji na uku". An kuma sami gyara na haƙiƙa. A jirgin Titanic, wanda yawancinmu muka sani ta hanyar fim, 'yan aji na uku suna da ƙananan ɗakuna, ana kuma dafa musu abinci. Sai dai wurinsu bai canza ba: maza marasa iyali a ƙasan goshin jirgi, mata da masu iyali a ƙasan bayansa, da ƙofofin da suka raba su da sauran fasinjoji kamar yadda dokokin shige da fice na Amurka suka tanada, nesa da inda aka rataye kwale-kwalen ceto. Da jirgin ya nutse a daren 15 ga Afrilu, 1912, kimanin kashi 60 cikin ɗari na 'yan aji na ɗaya sun tsira. Daga cikin 'yan aji na uku su kimanin 700, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka kai labari. Yaro ɗaya tak aka rasa a aji na ɗaya, a aji na uku kuwa fiye da rabin yaran suka tafi. Hausawa kan ce jirgi ɗaya ya kwaso su idan ana nufin mutane halinsu ɗaya. Waɗannan jirgi ɗaya ya kwaso su, amma ruwa bai same su a wuri ɗaya ba.

Akwai wani shahararren hoto da Ba'amurken nan Alfred Stieglitz ya ɗauka a 1907, ya kuma sa masa sunan wannan kalma. Yana tafiya ne a aji na ɗaya a jirgin Jamus mai suna Kaiser Wilhelm II, sai ya leƙa ƙasa ya ga talakawa cunkus, mata da mayafai, jarirai, wanki a shanye, ya ɗauke su. Shekara da shekaru mutane suna kallon hoton a matsayin hoton baƙi masu isowa Amurka cike da buri. Alhali jirgin daga New York ya taso, Turai ya nufa. Mutanen nan komawa gida suke yi. Duk lokacin da na ga hoton nakan tuna kaina a gaban allo. Wanda ya leƙo daga sama yakan tsara wa na ƙasa labarin da ya fi yi masa daɗin faɗa, ko na tausayi ne, ba tare da ya tambayi inda suka dosa ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk tarihin Turawa ne, ina ruwanmu? A tashoshinmu ma ai wurin zama da kuɗinsa yake tafiya, sai dai mu kusa da sitiyari shi ne gidan gaba, wurin mai hali, mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana can a bodi a kan buhuna. Amma akwai abin da ya fi wannan kusa da mu. A daren 18 ga Afrilu, 2015, wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Libiya maƙare da 'yan Afirka masu neman shiga Turai ya kife a tekun Bahar Rum. Mutum 28 suka tsira, aƙalla 800 suka halaka. Waɗanda suka tsiran sun ba da labarin cewa an kulle ɗaruruwa a cikin rumbun jirgin, kuma da sojojin ruwan Italiya suka ciro shi daga ƙarƙashin teku a 2016, a can ciki aka tarar da gawarwakin jibge. Masu fasa-ƙwaurin mutane suna yanka farashi ne gwargwadon wuri: mai kuɗi a sama inda zai sha iska ya kuma iya faɗawa ruwa, mai ƙarancin kuɗi a ƙasa kusa da inji. Hanyar da ke kai matasan Afirka ta Yamma ga irin waɗannan jirage ta Agadas take bi, kuma 'ya'yanmu na cikin masu bin ta. Kalmar ta tsufa, ta koma cikin ƙamus da littattafan tarihi, amma ɗakin yana nan ana sayar da tikitinsa.

Ranar darasi na gaba na shiga aji na rubuta kalmar a allo, na rubuta "sitiyari" a ƙarƙashinta, na ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke abin da na faɗa makon jiya. Na gaya musu cewa ban sani ba ne na ƙirƙira, kuma 'yar'uwarsu ce ta gano. Ban ambaci sunanta ba, don na ga ta sunkuyar da kai tana neman inda za ta ɓuya. Wani ɗalibi daga baya ya tambaya, "To Malam, bayin da aka kwasa daga nan zuwa Amurka, su ma a nan aka zuba su?" Wannan karon na yi shiru na ɗan lokaci kafin in amsa. Na ce wurin ya yi kama, nasu ma ya fi ƙunci nesa ba kusa ba, amma kalmar ba tasu ba ce. Ɗan steerage fasinja ne, ya sayi tikiti, yana da suna a takarda, idan ya sauka ya tafi inda ya ga dama. Bawa kuwa a lissafin haja aka rubuta shi, da sarƙa a ƙafa. Haɗa su a kalma ɗaya zalunci ne ga wanda aka sayar.

Tun daga ranar nake ƙoƙarin koya wa bakina faɗin "bari in duba", kuma har yanzu ba ya fita da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su zo aji ranar gyaran ba. Wasunsu yanzu malamai ne, kuma mai yiwuwa a wani aji a wani gari akwai mai gaya wa yara labarin shanu da cikakken yaƙini, domin daga bakin Dakta ya ji. Ƙarya mai daɗin ji ta fi gyaranta saurin tafiya. Idan wannan rubutu ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu, to ga saƙona: a soke wancan, a rubuta sitiyari. Ɗalibar da ta ƙwanƙwasa mini ƙofa kuwa, duk inda take, Allah Ya saka mata da alheri, Ya ƙaro mana irinta a azuzuwanmu.